Firjin Da Ke Shanye Gas

Ranar da Mai Firji ya shigo da firji gidansa, rana ta riga ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Mai amalanke ya taya shi saukewa a baranda ya tafi. Ƙaramin firji ne, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Farin fentinsa ya koma ruwan ƙasa, robar ƙofar ta yi baƙi, yana kuma warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Matarsa tana kwashe shanya. Ta tsaya da kaya a kafaɗa, ta kalli firjin, ta kalli mijin.

"Injiniya, yau kuma gawar wa aka kawo mana?"

"Namu ne."

"Namu? Ashe zan gani da raina. Shekara da shekaru kana sanyaya wa mutanen gari ruwa, mu muna shan wanda rana ta dafa."

Bai biye mata ba, don dukansu sun san dalilin firjin. 'Yarsu ɗaya ce, Auta, budurwa ƙarama, tana da ciwon suga tun tana 'yar mitsitsiya. Allura ake yi mata safe da yamma, maganin kuwa ba ya son zafi, da ya ɗumama ya lalace. A firjin mai kyamis na bakin layi suke ajiyewa. Kwanakin baya mai kyamis ya kulle shago ya yi tafiya bai gaya wa kowa ba, yarinya ta wuni ta kwana ba allura, sai da abin ya kai ta gadon asibiti. A bakin gadon nan uban ya ce maganin 'yarsa ba zai ƙara kwana a hannun wani ba.

A sito ya samo firjin, bayan wani shagon da aka rufe shekaru, ƙarƙashin buhuna da yanar gizo. Ya duba ya ga injin lafiya lau, gas ne kawai babu.

To, marigayi maigidansa da ya koya masa sana'a yana da wata ɗabi'a. Duk firjin da ya daɗe a mace, ba ya cika masa gas ranar da aka kawo shi. Sai ya ƙwanƙwasa jikinsa ya ce, "Masu wuri, a kwashe kaya, gobe za a yi aiki." Sannan ya buɗe ƙofa, ya yanke bakin bututu, ya bar shi ya kwana a buɗe. Mai Firji ya ɗauka don danshi ya fita ne, ƙwanƙwasawar kuma surutun tsofaffi. Duk da haka yakan yi a shago, a hankali, in ba mai kallo. Amma a wannan yammacin magani na cikin filas, ƙanƙarar da ke kansa tana narkewa, shi kuma yana sauri.

Ya juya firjin, ya tsuguna. Ya yanke ɗan bututun jan ƙarfe da ke jikin kwampireso, baƙin injin nan da ke zaune a ƙasan bayan firji. Ya ɗaura tiyo, ya haɗa geji, agogon auna gas, ya jingina tukunyar gas, ya murɗa kanta kaɗan. Gas ya fara shiga yana shuu. Ya kunna, ya ɗora tafin hannu a kan ragar baya yana jiran ta ɗumama, ɗaya hannun a ciki yana jiran sanyi. Auta na zaune a kan tabarma tana haska masa tocila.

"Baban Auta, magariba ta kawo jiki fa," in ji matar. "Ka bari sai da safe."

"Saura rufewa kawai."

Sanyi ya fara kama yatsunsa. Ya matse bututun da filaya, ya kunna wutar walda, ya yi bisimilla, ya liƙe bakin. Ana kiran salla ke nan. A daidai lokacin da dalma ta rufe ramin, wani abu ya buga daga cikin ƙarfen, sau ɗaya, kamar ɗan yatsa a jikin ƙofa.

"Baba, wa ke ciki?"

Ya yi dariya. "Gas ne ke zagaya, uwata. Haka yake yi in ya shiga sabon wuri."

Suka jera magani a ƙaramin akwatinsa na roba, suka sa a saman firji, suka rufe.

Bayan isha suna cin abinci a baranda aka jefi kwanon rufi. Suka ɗaga kai. Aka ƙara. Sannan aka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana zaune ne. Mai Firji ya ɗauki tocila ya fita waje yana faɗan yaran layi, bai ga kowa ba, ko kare babu. Da ya dawo ya tarar da matarsa a tsaye tsakar gida tana nuna ƙasa. Ba duwatsu ba ne. Ƙanƙara ce, dunƙule-dunƙule kamar ƙwan kaza, tana narkewa a kan siminti mai zafi. Ya ɗaga tocila sama. Taurari ne kawai, ko ɗigon hadari babu.

Da safe injin yana aiki, amma cikin firjin ɗumi. Matar ta yi maza ta mayar da magani filas, ta aika aka sayo ƙanƙara. Shi kuwa ya yanke bututu ya ɗaura geji, allurar geji ta kwanta ba ta motsa ba. Babu gas ko kaɗan.

"Yoyo ne," in ji shi. "Tsohon firji, dole."

Ya cika ya kaɗa ruwan sabulu, ya bi kowace mahaɗa da soso yana shafa kumfa, ya sa ido yana jiran inda za ta kumbura. Ya bi baya, ya bi ƙasa, ya cire murfin ciki ya bi can ma. Kumfa ta zauna shiru har ta bushe. Ya matse, ya yi bisimilla, ya liƙe. Firji ya yi sanyi har yamma.

Da magariba ƙanƙara ta dawo kan kwano. Da safe geji ya kwanta.

Haka aka yi ta yi. Mai Firji ya daina zaman shago, ya koma tsugune a bayan firjin gidansa da soso a hannu. Ya canja tiyo, ya aro wani geji, ya sake walda a wuraren da ba sa bukata. In ya kwanta sai ya tashi ya je ya taɓa raga. Maƙwabta suka fara tambaya ta kan katanga ko lafiya, matar tana cewa lafiya, tana share ruwan ƙanƙara da tsintsiya kafin gari ya waye sosai.

"Ka mayar da maganin kyamis," ta ce masa. "Mutumin ya dawo, har ya aiko da ban haƙuri."

"Firjin otal na gyara, na asibiti na gyara. Wannan ɗan akwatin ne zai gagare ni?"

"Ni ba akwatin nake tsoro ba."

Abin da take tsoro yana zaune a ɗaki cikin bargo. Auta ta fara jin sanyi a lokacin da kowa ke neman mafici. Ta sa rigar sanyi, ta ƙara zani, tana karkarwa da tsakar rana. In uwar ta taɓa goshinta sai ta ji kamar ta taɓa kwalbar da aka fito da ita daga firji. Suka kai ta asibiti, aka auna suga aka ce bai yi nisa ba, zazzaɓi kuma babu. Ma'aikaciyar jinya ta girgiza ma'aunin zafi ta sake sawa, ta ce wataƙila ya lalace.

Sannan yarinyar ta daina zama a ɗaki. Da la'asar ta yi sanyi sai ta ja bargonta zuwa baranda, ta zauna gefen firji, ta manna kunne a jikinsa. Tana shafa ƙarfen a hankali, tana bubbuga shi kamar yadda ake bubbuga bayan jariri, tana wani ɗan gurnani mai kama da waƙar reno, wadda uwarta ba ta taɓa yi mata ba. In suka yi shiru sosai, sukan ji kamar ana amsa mata daga ciki.

Wata yamma uwar ta zo da allura. "Auta, miƙo hannu."

Yarinyar ba ta juyo ba. Uwar ta kama damtsenta. Sai ta juyo, idanunta a buɗe amma ba kowa a cikinsu, ta yi magana da wata murya mai kauri, muryar tsohuwar da ta daɗe tana kuka.

"Ba za ta sha magani ba sai nawa ya fito."

Ta kaɗe allurar ta faɗi ƙasa. Mai Firji ya taso ya riƙe ta, ta ture shi da hannu ɗaya sai da bayansa ya bugi bango. Da safe ma haka. Su biyun sun san abin da rashin allura ke yi wa 'yarsu, sun gani da idonsu. Kafin azahar leɓɓanta sun bushe, numfashinta ya fara nauyi.

Mai Firji ya ajiye soso ya tafi ɗauko Malam.

Malam tsoho ne siriri, mai sanda, a wani ɗan ɗaki bayan masallaci yake zama, an san shi da irin wannan aiki. Ya iso rana na shirin faɗuwa. Bai tambayi komai ba sai da ya yi alwala, ya zauna a kan tabarma nesa kaɗan da yarinyar, ya kalli firjin da kyau.

"Wannan daga ina?"

Mai Firji ya gaya masa.

"Ka yi sallama kafin ka sa masa wuta?"

Mai Firji ya sunkuyar da kai.

Malam ya fara karatu, a hankali, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Inuwa ta cika baranda. Ƙanƙara ta fara faɗowa kan kwano, yanzu da ƙarfi, kamar za ta huda shi. Auta ta toshe kunnuwa, ta gantsare, ta saki wata ƙara. Uwar ta yunƙura za ta je, Malam ya tare ta da sanda bai daina karatu ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni," in ji muryar nan mai kauri daga bakin Auta.

"Wace ce ke?"

"Mai wuri."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya, mai wuta." Kan Auta ya juya sannu a hankali zuwa ga Mai Firji. "Shekaru muna zaune a akwatin nan, duhu, shiru, ba mu taɓa kowa ba. Aka ɗauko mu aka kawo nan. Na fita neman wani wuri, na bar ɗana yana barci a cikin bututu. Na dawo na tarar ya cika masa iskar sanyi, ya rufe ƙofa da wuta, ya kuma ambaci sunan Allah a kan ƙofar. Ta ina zan buɗe?"

Mai Firji ya matso. "Amma kullum da safe ina yanke bututun."

"Kana yankewa da tiyo a hannunka. Kafin yaro ya rarrafo ka toshe, ka tura masa sabuwa."

"Gas ɗin fa?" in ji Malam. "Ina yake zuwa?"

"Ni nake tsotsewa ta jikin ƙarfe, kaɗan-kaɗan, har gari ya waye, don kar ya daskare. Sanyin ya fi ƙarfina. Wani na jefar a kan rufi ko za su gane, ba su gane ba. Sauran na zuba a jikin 'yarsa. Ya ji yadda ake ji."

Uwar Auta ta rufe baki da gefen mayafi.

"An zalunce ki, ba da sani ba," in ji Malam. "Ke kuma kin zalunci wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Ki fita daga jikinta, a buɗe miki ɗanki."

"Ya buɗe, in fita."

"Ki fita, ya buɗe."

Dariya ta fito daga bakin Auta, busasshiya. "Na san ku. In na fita za ka sa a ɗauki akwatin a jefa a rami a binne, da ɗana a ciki."

"Ni ma na san ku. In an buɗe za ki ce gidan nan ya yi miki daɗi, ki zauna."

"To a ba ni akwatin duka, yarinyar kuma ta zauna tare da ni har ɗana ya warke."

"Ko farcenta ba za a ba ki ba." Malam ya juya ga Mai Firji. "Kar ka taɓa bututun nan sai na ce. Shi kaɗai ne abin da muke riƙe da shi."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta faɗi ƙasa tana birgima, tana dukan siminti da tafin hannu, muryar tsohuwar tana ihu tana cewa ko za a ƙone ta ƙurmus ba za ta tafi ta bar shi ba. Duhu ya ƙara sauka. Ƙanƙara ta tsaya cak.

A cikin wannan shirun na rufi Mai Firji ya ji. Yana tsugune inda ya saba, a bayan firji, kunnensa kusa da raga. Shekarunsa na sana'a da kunne yake gane ciwon inji, ya san kukan gas, ya san na mai, ya san na kwampireso mai shirin mutuwa. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Kuka ne siriri, wanda ya gaji, irin na yaron da ya yi kuka har muryarsa ta ƙare. Irinsa Auta ta yi a gadon asibiti, ranar da maganinta ke kulle a bayan ƙofar wani.

Ya lalubo filaya a ƙasa.

"Na ce kar ka taɓa," in ji Malam.

"Gafarta Malam, ni na rufe shi."

Ya datse bututun. Gas ya fito da ƙarfi, fari kamar hayaƙi, ya bi ta kan yatsunsa har suka yi fari fat. Bai janye hannu ba, ya riƙe bakin ya buɗa shi da kyau. Shuuwar ta yi ta raguwa har ta ƙare. Sannan wani ɗan abu da ido bai gani ba ya wuce ta gefen kuncinsa, sanyi ƙalau, labulen ƙofar ɗaki ya ɗan motsa.

Malam ya sauke numfashi, ya ajiye sanda a kan cinya. "Ka saki igiyar. Yanzu sai abin da ta ga dama."

Auta ta tashi zaune. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji kamar mai rungume da jariri, ta sunkuyar da kai, tana jijjigawa. Aka kira magariba, aka idar, tana nan tana jijjigawa. Uwar Auta ta matso da gwiwoyi har sai da ta kusa taɓa ta.

"Baiwar Allah," ta ce, "yaya jikin nasa?"

Kan ya ɗago. Idanun suka daɗe a kanta.

"Ƙafarsa ta daskare. Amma yana numfashi."

"Allah ya ba shi lafiya. Tawa ma tun jiya ba ta samu magani ba."

Idanun suka koma kan abin da ke rungume a ƙirji.

"Ina za mu?" in ji muryar, yanzu a hankali. "An tashe mu daga can, nan kuma akwai wuta."

"A bayan shagona akwai wani babban firji," in ji Mai Firji. "Injinsa ya ƙone, ba mai gyaruwa ba ne. Akwai inuwa. Muddin ina raye ba wanda zai taɓa shi."

"Ki rantse," in ji Malam, "ba ke ba yarinyar nan, ba ke ba gidan nan."

Ta rantse da abin da ya ce ta rantse da shi. Sannan ta yi wa Mai Firji kallon ƙarshe. "Kai ka buɗe ba a sa ka ba. Na gani."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, hannuwanta suka saki, ta kife a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, ta kalli bargo da rigar sanyin da ke jikinta, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"Umma, zafi nake ji. Wa ya lulluɓe ni haka?"

Uwar ta yi mata allura, ta rungume ta tana kuka ba sauti. Mai Firji ya ɗauki akwatin magani da yatsunsa da suka fara kumbura, ya taka da ƙafarsa har bakin layi, ya ce wa mai kyamis ya taimaka ya ajiye masa zuwa gobe. Firjin kuwa ya kwana a baranda, ƙofa a buɗe, bututu a buɗe. Da safe ya ƙwanƙwasa jikinsa, da ƙarfi, a gaban matarsa da 'yarsa, ya yi sallama, ya jira, sannan ya cika gas. Gas ya zauna.

Fatar yatsunsa ta saɓule ta sake fitowa, amma tabon bai tafi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sukan leƙa bayan shagonsa su taya babban firjin nan, ya ce musu da masu shi.

Da zafi ya dawo a shekara ta gaba, wata rana aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, aka daɗe ba a dawo da ita ba. Masu sayar da ƙanƙara suka rufe, firjin mai kyamis ma ya mutu. Mai Firji ya zaga gari a kan babur da filas bai samo ko gutsure ba, ya dawo da yamma jikinsa a mace. Ya tarar da matarsa tsaye gaban firjin, ƙofa a buɗe. Ruwan gora ya yi ɗumi, duk abin da ke ciki ya saki, ƙasan ya cika da ruwa.

Ta miƙo masa ƙaramin akwatin maganin. Farar ƙanƙara ce ta rufe shi, sai da ya sauya hannu saboda sanyi.

"Injiniya," ta ce a hankali, "wannan kuma gyaran wa ne?"

Ya mayar da akwatin wurinsa, ya rufe ƙofar. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya nufi shago tun magariba ba ta yi ba, don ganye ya taru a gindin babban firjin nan, ya kamata a share musu.